Baba Muntari da gitar da bai taɓa yarda da ita ba

Baba Muntari kafinta ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye ina dama koko. 'Yarsa ce ta kira. Na ajiye ludayin na zauna a bakin ƙofa, har kokon ya yi gudaji ban sani ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda suka san ni sun san ba na dogon rubutu a nan. Hoton jikoki nake sawa, sai barka da Juma'a. Karatuna bai yi nisa ba, kuma tun ina yarinya magana a gaban mutane take ba ni wahala. Amma yau in na yi shiru ban kyauta masa ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, abokin mahaifina ne. Bayan rasuwar babanmu shi ya gyara mana rufi, shi ya yi wa mahaifiyarmu, Mma, teburin da take sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin lungunmu a unguwar Nima. Shagonsa yana bayan gidanmu. Ni nake kai masa abincin rana.

Mutum ne da ba ya yarda da komai sai ya gwada. In an kawo masa katako sai ya shinshina. In an ce an ga wata sai ya tambayi wa ya gani, kuma yaya lafiyar idonsa. Kujerar da ya haɗa da hannunsa ma sai ya girgiza ta kafin ya zauna.

Yana da gita irin ta katako mai rami a ciki, wadda muke ce wa box. Tana rataye a ƙusa a can ƙuryar shago. Wajen tsakiyar shekarun tamanin ne, ban daɗe da gama firamare ba. In na kai abinci na tarar ya tafi masallaci, sai in sauke ta in ɗan taɓa, in mayar.

Ashe ya lura. Bai tambayi kowa ba. Sai ya saƙala ɗan tsinken katako a tsakanin tsirkiyoyin ya fita. Da ya dawo ya ga tsinken a ƙasa, ya ɗauka, ya dube ni.

"Malama Shiru, ashe ke ce ɓeran."

Na ɗauka zai kai ƙarata wurin Mma. Bai kai ba. Ya zaunar da ni a kan benci ya nuna min inda ake ɗora yatsu.

A Nima ta wancan lokacin, namiji mai gita ma da gefen ido ake kallonsa, balle yarinya. Mma kuwa ba miji, ba ɗan'uwa a kusa, mutuncinta da tukunyarta kawai take da su. Don haka muka yi dabara. Ina cusa tsumma a ramin gitar, kuma ba na kaɗawa sai yana yanka katako, ƙarar zarto ta rufe. In ya tsaya, in tsaya.

Tsirkiyoyin box ɗin nan tauri ne da su kamar wayar shanya. Shi da hannun kafinta yana danne su ba wahala. Ni kuwa yatsuna ba ƙarfi, ga tsoron kar a ji, rabin sautin ma ba ya fita. Amma duk duniya babu abin da nake jira kamar wannan ɗan lokacin.

Sai ga magana ta taso. Wasu masu kiɗan biki da suna suka neme shi ya shiga cikinsu. Ya je sau ɗaya ya dawo ransa a ɓace. Ya ce ganguna da kakaki sun haɗiye shi, mutane suna ganin hannunsa yana motsi kamar mai sosa ciki, ba wanda ya ji komai. Shugabansu ya ce masa amp suna da shi, wato akwatin da ke ƙara sauti, amma sai ya nemo gitar lantarki, in ba haka ba za su ɗauki wani.

Aka ba shi labarin wani Bra Kojo a Maamobi, tsohon makaɗin band, yana da tsohuwar gitar lantarki. Kuma ba sayarwa zai yi ba. Musaya yake so, a ba shi box ya ba da tasa.

Wannan ne ya hana Baba Muntari sukuni. Yana aiki yana magana shi kaɗai. Wai mutum mai hankali ba ya ba da ta lantarki ya karɓi ta katako sai da dalili. Ko ta sata ce, ko ta lalace, ko an yi mata wani abu.

Ni kuma abin da ya hana ni sukuni daban ne. In box ta tafi, nawa ya ƙare. Gitar lantarki a sanina ihu take yi. Ba tsumman da zai toshe ta, ba zarton da zai rufe ta.

Ranar da za a je, ya naɗe box a tsohon zane ya ɗora min a ka, ya ce in bi shi a baya kamar an aike ni da wanki. Ya ce ba ya so 'yan lungu su san abin da ake ciki, kuma yana buƙatar shaida. Ban yarda da wannan dalilin ba. Na ɗauka so yake in yi sallama da ita a hanya.

Muka tsallaka babban gota na ruwan datti muka shiga Maamobi. Duk hanya addu'ata ɗaya ce, Allah ya sa gitar mutumin nan ta zama ruɓaɓɓiya.

Bra Kojo dattijo ne siriri, Bafante, ya daɗe a zango har Hausa ta zauna a bakinsa, ko da yake da ni da Baba duk "kai" yake ce mana. Ɗakinsa ɗaya, taga a buɗe tana kallon hanya. Ya jawo gitar daga ƙarƙashin gado.

Ja ce a da, amma jan ya koɗe ya koma kalar goron da ya kwana. Inda hannu ke gogawa fentin ya cinye har katako ya fito. A can samanta akwai tabon ƙunar sigari.

Baba bai karɓa da sauri ba. Ya fara tambayar dalili. Bra Kojo ya ce band ɗinsu ta watse tuntuni, shi kuma zai koma ƙauyensu a bakin teku, can babu wuta. Me zai yi da gitar lantarki, ya soya kifi a kanta? Baba ya tambaya ko akwai mai shaidar tasa ce. Bra Kojo ya nuna hoto a bango, ga shi yana saurayi da ƙaton gashi, riƙe da gitar, har tabon sigarin ana gani. Baba ya matsa ya duba da kyau, ya ce hoto ai ko da gitar aro ana ɗauka.

Sannan ya karɓa. Ya shinshina. Ya ƙwanƙwasa bayanta da ɗan yatsa, ya ce katakon mai kyau ne amma ba ta da ciki, to ina sautin yake zama? Ya ɗaga ta ya rufe ido ɗaya ya bi wuyan da kallo kamar yadda yake duba ƙofa. Ya taɓa kowane sukurun. Ya murɗa kowane maɓalli. Ya sami tsatsa a wuri biyu ya nuna min, wai in shaida.

Aka jona waya a wani tsohon amp da ke gefen gado. Baba ya cire takalminsa a bakin ƙofa, ƙafarsa tana kan siminti. Yana taɓa tsirkiya sai ya zabura, saura kaɗan ya yar da ita.

Bra Kojo ko a jikinsa. Ya tura masa silifas ɗin roba da ƙafa, ya ce amp ɗin ne ke cizo, ba gitar ba, kuma duk makaɗin da ya san kansa ba ya kiɗa ƙafa ba takalmi. Baba ya sa silifas ɗin, ya kuma sa aka miƙo masa wani guntun katako ya taka. Ya dube ni ya ce in riƙe wannan ma a raina.

Na riƙe. Har na fara murna.

Ya murɗa kunnuwan gitar ya daidaita tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya kaɗa su a sake, ba tare da ya danna komai ba. Sauti ya fito daidai. Sai ya ɗora yatsu ya kama kiɗan da ya saba.

Abin ya fito a karkace. Ko ni na ji. Kamar mata biyu suna waƙa ɗaya, kowacce da muryar da ta ga dama.

Ya tsaya ya sake daidaitawa. A sake, lafiya lau. Ya danna, ta karkace. Ya sake. Haka dai.

Ya ɗora gitar a cinya ya ce dama ya sani. Wuyan ya lanƙwashe ta ciki inda ido ba ya gani, shi ya sa ake neman wanda za a liƙa wa. Bra Kojo ransa ya ɓaci. Ya fizge ta ya kaɗa wani kiɗan rawa na highlife, sautin ya fito tas kamar a rediyo. Kafin ya gama yara da manya sun taru a taga.

Baba bai motsa ba. Ya ce ai direban trotro, motar haya, ya san ramukan hanyarsa, ya san inda zai kauce. Mai gita ya san inda gitarsa ke ciwo. Shi sai wanda ba shi da hannu a cinikin ya gwada.

Sai ya juyo ya dube ni.

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na dubi taga. A cikin masu leƙe har da Mma Zaliya mai kifi, wadda teburinta ke kusa da na Mma. Ta zo Maamobi kai saƙo, ƙarar kiɗa ta tsayar da ita.

Bra Kojo ya tambaya da mamaki ko yarinyar ta iya ne. Baba ya karɓi gitar ya ɗora min a cinya, ya tura min silifas ɗin.

"Rahi, ki riƙe yadda kike riƙewa a shago. Kar ki yi min kara, kar ki yi masa."

Na san in ta fito da kyau, box ta tafi. Na san ko ta fito da kyau ko ba ta fito ba, Mma za ta ji kafin la'asar. Amma riƙo ɗaya na iya a duniya, wanda ya koya min. Na sunkuyar da kai na ɗora yatsu.

Tsirkiyoyin laushi ne da su kamar zare. Ban ma san na danna ba. Na kaɗa.

Sautin ya cika ɗakin, ya fita ta taga. Daidai, ba karkata ko kaɗan. Ranar na fara jin yadda kiɗana yake. Duk watannin nan zarto nake ji.

Na tsaya. Baba ya dube ni, ya dubi Bra Kojo, ya sake dubana.

"Kun san juna ne?"

Bra Kojo ya yi dariya har da tari.

Baba bai yi dariya ba. Ya sa na sake kamawa, ya durƙusa yana kallon yatsuna kamar mai duba ƙaya. Sannan ya karɓi gitar ya ɗora yatsa ɗaya a kan tsirkiya ɗaya, a hankali, ya kaɗa. Ya ƙara dannawa, sai sautin ya hau sama. Ya sassauta, ya sauko. Ya danna, ya hau. Ya yi ta yi, mu duka muna jira.

Hannunsa ya saba da tsirkiyar box mai tauri. A kan wannan mai laushi, dannar da yake yi har ja take, sai sautin ya wuce wurinsa.

Ya juya tafin hannunsa yana kallo. Bra Kojo ya ce masa, "Muntari, gita ne, ba ƙusa ba."

Baba bai iya ba da haƙuri da baki ba, duk wanda ya san shi ya sani. Abin da ya ce shi ne ƙofar ɗakin Bra Kojo tana jan ƙasa, kuma box ba za ta kai ƙauye lafiya a cikin zane ba, zai haɗa mata akwati. Sannan ya kwance zanen ya miƙa masa ita da hannu biyu.

Na naɗe sabuwar a zanen na ɗora a ka. Ta fi box nauyi. Duk hanya hawaye suna zuba ina gogewa da gefen mayafi. Shi kuma yana gaba yana cewa har yanzu bai gamsu da tsatsar nan ba.

Mma Zaliya ta riga mu isa.

Mma ba ta ɗaga murya ba. Ta gama sallamar masu saye, ta rufe tukunya, sannan ta ce daga yau ƙanena ne zai riƙa kai abinci shago. Ta ce wa Baba ta gode da rufi, ta gode da tebur, amma ita da mutanen lungun nan take cin abinci, kuma ba za ta zauna ana nuna 'yarta da baki ba. Baba ya saurara har ta gama. Ya ce ta yi gaskiya. Ya roƙi abu ɗaya, gobe in ta sami sarari ta zo shago da kanta, tare da ni.

Mma ta ce me za ta gani a can. Ya ce ba gani ba ne, ji ne.

Washegari muka je. Mma ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shiga. Baba ya zaunar da ni a ƙuryar da na saba, ya ba ni gitar, ba waya, ba amp. Ya ajiye zarto. Ya ce in kaɗa da duk ƙarfina.

Na kaɗa. Wani ɗan siririn sauti ya fito, kamar sauro a cikin kofi. Ni da ke riƙe da ita ina jin komai. Mma daga ƙofa ta ce in fara mana.

Baba ya ce ai ta fara tuntuni.

Mma ba ta yarda ba. Ita ma a wannan fannin ba ta bar masa komai ba. Ta shigo ta zagaya bayana ta ga hannuna yana tafiya. Ta fita ta tsaya a lungu. Ta koma har wurin teburinta, ta dawo. Ta tambaya ina aka ɓoye wayar. Baba ya buɗe wani ƙaramin akwati a cikin kayan aikinsa ya nuna mata wayar a ciki, ya kulle, ya cire makullin ya miƙa mata. Ya ce ranar biki kawai zai riƙa aikowa a karɓa.

Mma ta juya makullin a hannunta, ta ɗaure shi a bakin zane.

"Ranar da na ji ƙararta daga wurin waakye na, Malam Muntari, an gama."

Ba ta taɓa ji ba.

Na sha tambayar kaina ko tun a ɗakin Bra Kojo ya yi wannan lissafin, tun lokacin da ya ƙwanƙwasa bayanta ya ce ba ta da ciki. Na taɓa tambayarsa. Ya ce shi don biki ya karɓa, kar in ɗora masa abin da bai yi ba. Ban yarda ba har yau.

Daga nan aiki ya juya. Ni nake zama ina sauraro, shi yana kaɗawa. In ya danne sai in ce, "Baba, ƙusa." Sai ya yi tsaki ya sassauta. Ya ɗauki lokaci. Ya yi shekaru yana kiɗa da mutanen nan, daga Nima har Kanda har Zongo Lane, kullum da silifas ɗin roba da guntun katakonsa a jaka. Kuma duk bikin da aka yi, in ya ji daɗin kiɗa ya manta kansa, hannun kafinta yana dawowa. 'Yan ƙungiyar sun saba, in sauti ya fara hawa sai su ce Baba ya shiga shago.

Ni ban taɓa hawa stage a gaban jama'a ba. Ban taɓa so ba. Sau ɗaya aka ji ni da ƙarfi a duniya, a Maamobi, kuma ya ishe ni.

Ganina da shi na ƙarshe bayan Sallar da ta wuce ne. Na kai masa tuwo da miyar ayoyo. Ya rame sosai, idon ma ya yi rauni. Sai da ya tambayi wa ya dafa kafin ya ci. Da ya gama ya sa 'yarsa ta jawo gitar daga ƙarƙashin gado. Tana nan, jan ya ƙara koɗewa.

Ya ɗora ta a cinya. Ƙarfin hannunsa duk ya tafi. Ya kama kiɗan nan na farko da ya koya min. Na matso da kunnena.

Daidai ya fito. Ko ɗaya bai hau ba.

Ya saurara har sautin ya mutu. Sannan ya ce, "Kin ji? Sai yanzu hannun ya koyi hankali, da babu mai kirana biki."

Na ce masa to yanzu dai ya yarda Bra Kojo bai cuce shi ba. Ya ɗaga gitar da ƙyar, ya rufe ido ɗaya, ya bi wuyan da kallo.

"Muna dai gani," ya ce.

Allah ya jiƙan Baba Muntari. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da rufin da ya gyara wa marayu da sirrin yarinyar da ya rufa. Allah ya ba 'ya'yansa haƙuri. Ya jiƙan Mma da babanmu da duk namu da suka riga mu.

Za a yi jana'iza bayan azahar a Nima. Wanda yake kusa ya daure ya zo. Wanda yake nesa, don Allah kar ka wuce rubutun nan haka kawai. Ka tsaya ka yi masa addu'a, ko a hankali ne, ko ba wanda ya ji sai Allah.